Surukin Koci a Raga

Ni mai tsaron gida ne. Na faɗa tun da wuri ne don kada wani ya karanta har ƙarshe ya ce ai bai ga inda na tare ƙwallo ba. Tun ina Funtuwa nake tsaron gida, kuma da na zo Madina aikin guga a wani gidan wanki da ke wanke zannuwan gadon otal-otal, bayan wurin kwana abin da na fara tambaya shi ne inda 'yan ƙasarmu suke buga tamaula.

Aka kai ni wata unguwa, Harra ta Gabas. Filin wani sarari ne a bayan tsofaffin gidaje, kewaye da baƙaƙen duwatsun nan masu kaifi, waɗanda in ka faɗi a kansu sai dai a kwashe ka. Ranar Juma'a bayan La'asar muke haɗuwa, don ita ce ranar da yawancinmu kafil, wato mai gidan da ya ɗauko ka aiki, yake sakar mana mara. 'Yan Nijar na da ƙungiyarsu, 'yan Chadi na da tasu, Hausawan Sudan ma haka. Sannan ga samarin unguwar Jurf, jikokin alhazan da suka zo tun da can suka zauna, waɗanda in ka yi musu Hausa su ji ka sarai, su amsa maka da Larabci. Tamu kuwa ba ma ce mata ƙungiyar unguwa. Tawagar ƙasa muke ce mata, ba kunya ba tsoron Allah, alhali yawancinmu direbobi ne da masu shara da masu ɗaukar kwalin dabino.

Wanda ya kafa ta wani dattijo ne Bakatsine, Baba muke ce masa. Ya haura hamsin tun lokacin da na zo. A kasuwar dabino yake aiki, in lokacin tsinka ya yi a tafi da shi Khaibar. Kowa ya san shi ya share filin nan da hannunsa, shi ya kafa ƙarafunan raga, shi ya roƙi masu gidajen kusa su daina kiran 'yan sanda in mun yi ihu. Mutumin kirki ne, wallahi, ba na ce ba. Amma shi ne gola.

Wataƙila a zamaninsa ya yi tashe, ban gani ba. Ni dai Baban da na tarar, in ƙwallo ta taho ta ƙasa sai ya yi bismilla kafin ya sunkuya, kafin ya gama sunkuyawa an mayar da ita tsakiyar fili. In ta taho ta sama ya ɗaga kai ya bi ta da kallo har ta sauka a bayansa, sannan ya yi wa 'yan baya faɗa. Ni kuwa ina gefe a kan bulo, don benci ba mu da shi, takalmina a ɗaure, ina cin ƙuna. Shekaru na yi a kan bulon nan. Burina ɗaya tak a Madina, bayan sallah a Masallacin Harami da abin da nake aika wa gida: in tsaya a ragar nan a wasa na gaske, ko sau ɗaya ne, kafin in bar ƙasar.

Sai Allah ya kawo mana Koci.

Da can ba koci ba ne. Ɗan bayanmu ne, Bakano, direban tankar ruwa, abokina da muke cin ful da tamis, wato wake da gurasa, a tire ɗaya. Ya iya ƙwallo, wannan ba a ƙwace masa ba. Wata Juma'a ya bi wani ɗan Chadi har bakin fili, ya zame, gwiwarsa ta haɗu da dutse. Shi ke nan. Ya daɗe kwance a ɗaki, ƙafa a kan filo, ba abin da yake yi sai latsa waya. A nan ya gamu da Baturensa.

Wani mutumin Norway ne. Tsohon ɗan wasa, ya buga wa ƙasarsa, jiki ya gaza, ya ajiye takalmi, ya fara horar da wata ƙaramar ƙungiya, ya yi ta hawa yana gangarowa, a ɗauke shi nan a sallame shi can, har dai aka kira shi aka danƙa masa tawagar ƙasarsu. Abokina ya kalli wannan labari ya ga kansa tsaf. Shi ma ya buga wa ƙasa, shi ma jiki ya gaza. Abin da ya rage kawai a danƙa masa. Duk wanda ya je dubiya sai an nuna masa bidiyon, kuma da yaren mutanen can ake magana a ciki, wanda ba wanda ya taɓa jin ko kalma ɗaya a cikinmu, amma wannan bai hana shi fassara ba. Baturen zai buɗe baki ya yi wata 'yar gajeriyar magana, abokina ya tsayar da bidiyon ya yi mana bayani mai tsawon huɗuba. Kullum kuma labarin ƙaruwa yake. Yau Baturen ɗan masunci ne, gobe maraya ne, jibi a kan ƙanƙara ya koyi ƙwallo ba takalmi. Har yau ban san wanne ne na gaskiya ba, kuma ban ɗora wa bawan Allah ko ɗaya ba.

Da ya warke ya naɗa kansa koci, ya zo fili yana ɗingishi, da usur a wuya, sanye da wata ƙatuwar rigar sanyi mai auduga da ta kai masa gwiwa. A Madina! Lokacin da in ka taɓa ƙarfen raga sai ka yarfe hannu! Muka ce lafiya? Ya ce haka Baturen yake tsayawa a bakin fili. Muka ce ai shi ƙasarsu sanyi ake yi. Ya ce mu ba mu san kwarjini ba. Haka zai tsaya, hannuwa a aljihu, gumi na bin gemunsa yana ɗiga, yana taunar cingam a hankali.

Ya tara mu ya karanta mana dokokin Norway. Ta farko, ba wasa da ƙwallo a baya, a ɗaga ta sama a aika wa dogo. Dogon namu wani Basakkwace ne mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wanda tsawon ne kawai Allah ya ba shi. Ta biyu, kowa ya tsaya a wurinsa. Ta uku ita ce ta sa na miƙe daga kan bulo. Ya ce daga yau babu babba babu yaro, babu sani babu sabo, wanda ya fi cancanta shi zai buga, ko waye. Ni na fara tafi, ni na ƙarshe da ya daina.

Kuma ya nuna da gaske yake. Ya ajiye wani Alhaji da ke kawo mana ruwan sanyi a mota, ya ce tumbinsa ya fi shi sauri. Ya ajiye abokin ɗakinsa don ya makara. Ya sa mu zagaya fili har wani ɗan Gusau ya yi amai. Na ce madalla, adalci ya sauka a Harra. Na wanke jesina, na goge ta da dutsen gugar wurin aiki.

Abu ɗaya na manta, kuma ni da kaina na ci cincin ɗin bikin. A hutun da ya je gida kafin ya ji ciwo, 'yar Baba ya aura a Katsina.

To fa. Koci ba ya iya faɗin sunan Baba. Akwai wani ɗan tsakiyarmu mai suna irin nasa, shi ma ya rasa sunansa, ya koma "mai sunan gida". Koci na tsakiyar zazzaga mana masifa, da ya hango Baba ya ɓullo ta lungu sai usur ya faɗi daga bakinsa, ya tuɓe takalmi a kan ƙasar nan mai zafi, ya tsuguna cikin rigar sanyinsa, kai a sunkuye, yana "an wuni lafiya, ya aiki, ya gajiya", har Baba ya wuce. Ba ya shan ruwa in Baba na kallo. Ba ya juya fuskarsa wajen ragarmu gaba ɗaya. Koci ne da rabin fili kawai yake gani. Baba shi ma haka, in zai wuce sai ya yi zagaye ta bayan duwatsu don kada su yi ido huɗu.

A atisaye 'yan gaba suka gane inda iska ta dosa. In za su buga wa Baba sai su turo masa ƙwallo a hankali, daidai ƙirji, ya rungume, a yi kabbara. In ni na shiga sai su huce haushin gudun da aka sa su a kaina. Na tare da hannu, na tare da ƙafa, na tare da fuska. Ranar wasa kuma in koma kan bulona.

Wata rana na same shi yana cika tankarsa, na ce, "Koci, don Allah in tambaye ka. Shi Baturen naka, surukinsa ne a raga?"

Ya ce, "Kai fa ba ka da ta ido."

"Doka ta uku nake tambaya. Ko an soke ta?"

"Tana nan. Ina nazari ne. Ka san gyaran tawaga a hankali ake yi, shi ma can bai gyara rana ɗaya ba."

"Jiya ɗan Nijar daga tsakiyar fili ya ci mu. Shi kansa sai da ya ba da haƙuri."

Ya kashe famfo, ya waiwaya hagu da dama, ya rage murya. "Ka san kafin alƙali ya hura tashi labari ya isa Katsina? Kana so a kira ni a ce na tsige uban matata a gaban jama'a? Da wane bakin zan gaishe da mahaifiyarta? Ka yi haƙuri. Wata rana shi da kansa zai ce ya gaji."

Na yi haƙuri, ba don ina so ba. Baba bai ce ya gaji ba.

Ana nan sai kafil ɗina ya sayar da gidan wankin, sabon mai shi ya zo da mutanensa. Aka buga mini huruj niha'i, fita ta ƙarshe ke nan, wadda ba dawowa. Ban yi kuka ba, dama gida ya fara kirana. Amma da na duba na ga Juma'a ɗaya ta rage mini, kuma a ranar, da samarin Jurf za mu kara, sai haƙurina ya ƙare. Na je wa Koci. Wannan karon ban yi ba'a ba. Na ce masa ya san shekarun da na yi a kan bulon nan, ya san ba na fashi, rana ko iska. Na ce ba na son komai, rabin wasa kawai. Ya kama hannuna ya rantse. Ya ce da an dawo hutun rabin lokaci raga tawa ce, in ya saɓa kada in sake kiransa Koci.

Ranar fili ya cika. Dattawan unguwa sun zo da kujerunsu na roba, har da na Jurf masu fararen riguna da jan rawani a ka. Alƙali wani Bahaushen Sudan ne mai ɗinki. Aka take. Koci ya fara kwarara umarni da Hausa, wai don sirri: "A ɗaga wa dogo! A ɗaga wa dogo!" Yaran Jurf suka juya suka ce wa juna da Larabci a tsare dogon. Shi ke nan dabarar Norway ta ƙare tun ba a je ko'ina ba.

Sai suka juyo kan Baba. Yaran nan suna da gudu, kuma suna da tarbiyya, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Duk wanda ya ci sai ya dafa ƙirji ya ce, "Ma'alesh ya ammi," wato yi haƙuri baffa, ya shiga raga ya ɗauko ƙwallon da kansa don kada dattijo ya wahala. Tun ina ƙirgawa har na bari. Koci yana can yana kallon ɗaya ragar, inda ba abin da ke faruwa, yana taunar cingam.

Aka tafi hutu. Na miƙe, na yi tsalle-tsalle, na miƙa hannuwa yadda kowa zai gani. Baba ya zo gefe ya zauna yana shan ruwa. Koci ya ba shi baya, ya tara sauran yana zana musu layi a ƙasa da tsinke. Na yi gyaran murya. Ya ƙara layi. Alƙali ya hura, Baba ya miƙe da ƙyar, ya dafa ƙugu, ya koma raga.

Ban san lokacin da na cafki hannun rigar sanyin nan ba. Jiƙe take sharkaf. Na ce, "Ka rantse mini!"

Ya ce, "Na sani. Wallahi na sani." Idonsa ya yi ja. "Bakina ne ya ƙi. Ka ga, mu yi yadda ake yi. Suruki ba a tunkararsa kai tsaye, aike ake yi. Kai ne ɗan aikena. Ka je ka gaishe shi, ka ce ina tambaya ya jiki. Iyakarta ke nan. Kada ka ce na ce ya fito."

Na dube shi. Wato ni da nake neman kujerar, ni za a aika in tambayi mai kujera ya jiki. Amma me zan yi? Rana ta fara yin ja. Can wani ɗan bayanmu ya ɗaga wa dogo ƙwallo da ƙarfin da ta tsallake dogon, ta tsallake katanga, ta faɗa gidan mutane. Aka tafi roƙo. Na samu sarari na ratsa fili.

Na isa na tsuguna a gaban Baba, cikin raga. Karo na farko ke nan da na shiga wurin ana tsakiyar wasa na gaske. Na ce, "Baba, sannu da ƙoƙari. Koci ne ya aiko ni, ya ce a tambaya ya jiki."

Ya dube ni yana haki.

Ya ce, "Shi ya aiko ka?"

"Shi ne, Baba."

"Alhamdu lillahi." Ya sauke numfashi. "Ɗana, tun kafin yaron nan ya karɓi aikin nake so in bari. Bayana ba ya barina barci duk ranar Juma'a. Idona ma ba ya ganin ƙwallo sai ta iso. To sai ga shi ya zama koci. In na ajiye a lokacin, me za a ce? A ce na raina shi, na ƙi in yi aiki a ƙarƙashin mijin 'yata. Na ce bari in jira shi ya cire ni, tunda an ce dokarsa ba sani ba sabo. Kullum ina zuwa ina jira. Yaron nan ko kallona ba ya yi."

Baba ya sa haƙori ya ɓalle maɗaurin safar hannunsa ta hagu, ya zare, ya miƙo mini. Na karɓa. Na zura. Da ɗumi a ciki, da danshin gumi, ta ɗan yi mini yawa. Na dunƙule hannu na buɗe. Wallahi daɗin da na ji ban san da me zan kwatanta shi ba. Baba ya fara ɓalle ta dama.

Sai na ji ihu.

Koci ne. A karo na farko tun da ya karɓi aiki ya waiwayo wajen ragarmu, kuma abin da ya gani shi ne surukinsa yana tuɓe safa a gaban jama'a. Ya yar da usur, ya yar da takalmi, ya taho da gudu yana ɗingishi, rigar sanyi na kaɗawa. Ya zube a gaban Baba.

"A yi haƙuri! Don Allah a yi haƙuri! Wallahi ba haka na ce ba, gaisuwa kawai na aiko! A mayar, don girman Allah a mayar!"

Baba ya kau da kai gefe don kunya, ya ce ƙasa-ƙasa, "A'a, ba komai, ai dama..."

"Ba za a yi haka ina raye ba!"

Kafin ka ce me, dattawa sun bar kujerunsu sun cika raga. Alhajin ruwan sanyi, wanda ya daɗe yana jiran rana irin wannan, shi ne a gaba. Ya ce ai fili ma na Baba ne, wa ya isa. Wani dattijon Jurf yana ta "Aib, aib, wallahi aib," yana nuna ni da carbi. Alƙali ya ajiye alƙalancin ƙwallo ya kama na sulhu. Aka tambayi Koci me ya aika a faɗa, ya faɗa. Aka tambaye ni me na faɗa, na faɗa, kuma daidai suke, amma ba wanda ya saurara, don ga shaida nan a hannuna na hagu. Aka yanke cewa ɗan aike ne ya wuce gona da iri saboda kwaɗayin raga. Aka ce in ba Baba haƙuri, in ba Koci haƙuri.

Na dubi Baba. Kalma ɗaya zai faɗa, wadda ya gama faɗa mini yanzu-yanzu. Ya buɗe baki, ya ga mijin 'yarsa durƙushe a ƙasa yana share hawaye da hannun riga, ya ga dattawa sun zuba masa ido suna jira ya nuna ya huce. Ya rufe bakin.

Na ba da haƙurin. Raina a ɓace yake, ban ɓoye ba, muryata ma ta nuna, amma na bayar. Aka yi fatiha a cikin raga. An dawo da ƙwallo daga gidan mutane, yaran Jurf sun gaji da jira har sun zauna a ƙasa.

Da jama'a suka watse, Baba ya matso ya kama hannuna na hagu. Ya zare safar a hankali, yatsa bayan yatsa, bai dubi fuskata ba. Ya ce, "Yaushe ne tafiyar?"

Na ce, "Cikin makon nan, Baba."

Ya gyaɗa kai yana zura hannunsa. "Allah ya kai ka lafiya. Ka yafe mini, ɗana. Kai ka tafi ka huta. Ni Juma'a mai zuwa ma ina nan."

Ya koma tsakanin ƙarafunan ya tsaya, ya ɗan dafa ƙugu. Alƙali ya hura. Ban kai bakin fili ba na ji wani yaro a bayana yana cewa, "Ma'alesh ya ammi."